Layi Bakwai a Aljihun Nomau

Shekara tara na yi ina aikin falanto a Damagaram, wato ɗan aiken buro, ofishin gwamnati, mai kai takardun Nasara ƙauyuka a kan keke. A shekara taran nan sau ɗaya tak na taɓa kai takarda a jiƙe, ita ma ba ta buro ba ce. Da ta buro ce da komi, babban akawunmu, ya zage ni, da na haɗiye, da tuni na manta.

Mu biyu ne masu keke a buron, ni Nomau da wani Babarbare mai suna Kyari, kuma tun ran da aka haɗa mu musu ɗaya muke yi. Shi Kyari mutumin aljihu ne. Takarda aljihu, goro aljihu, robar faci da danƙon liƙi da ƙarfen kwance taya duk aljihu, har in ya hau keke za ka ji yana ƙara kamar jakin maƙera. Hujjarsa ita ce keke ana sace shi, ana aronsa, yana karyewa a daji ka bar shi, amma rigarka tana wuyanka duk inda ka shiga. Ni kuwa in ce masa, "Kyari, jikinka rijiya ne. Jiya komi da yatsa biyu ya karɓi takardarka, yana kawar da hanci." Sai ya yi dariya ya ce ai ta isa, ko ba ta isa ba?

Ni jaka gare ni. Wani baduku a Birni ya ɗinka mini ita da jar fatar akuya, ninki biyu, da murfi da maɗauri, aka rataye ta ƙarƙashin sirdi. Don in rufe bakin Kyari a kan zancen sata, na sa badukun ya ɗinke ta da ƙarfen sirdin, ɗinki mai ƙarfi, yadda ba mai cire ta sai da wuƙa. Ruwa ya sha dukana a hanya ban ga ɗigo a cikinta ba. Ina ji da jakar nan fiye da kima, ban musa ba. Har Kyari ya sa mini Mai Jaka, sunan ya bi ni.

Ina da wa guda ɗaya, Inusa. Shi ne ɗan farin babanmu, limamin ƙauyenmu a ƙasar Garagumsa. Inusa aka ba kai, ni aka ba ni ƙafafu. Yana da shekara goma sha biyar ya sauke, ni kuwa na gaji da bulala na koma gona ban iya haɗa baƙi biyu ba. Kowa ya san Inusa zai gaji limanci. Sai shekarar da masu ɗaukar soja suka zo, lokacin babban yaƙin Nasara, ba a ma kira sunansa ba ya miƙe da kansa ya shiga layi. Ya ce ya gaji da ganin rumbuna guda shida da kuka ɗaya.

Ran nan bayan la'asar Baba ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani a gaban jama'a, ya rantse bakinsa ba zai ƙara yi wa yaron nan magana ba, ba zai ƙara yin maganarsa da kowa ba. Da ma ɗan fari ne, ba ya kiran sunansa, "yaron nan" yake cewa. Daga ranar ko "yaron nan" ɗin ma ta ɗauke.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne rantsuwa tana da magani, kuma ba wanda ya fi Baba sani. Mutum ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan, bakinsa ya buɗe. Shi da kansa yake gaya wa mutane haka in sun yi rantsuwar fushi a kan iyakar gona. Dattawa sun roƙe shi, Inna ta roƙe shi har ta koma ga Allah, ni ma na roƙa aka kore ni da carbi. Ya ce wanda ke jan mutane salla ba ya lashe abin da ya faɗa a gabansu. Shekara goma sha shida ke nan.

Inusa ya dawo bayan shekara goma sha ɗaya da lambar kafaran, wato kofur, da tari. Ya je ƙauye sau ɗaya, ya durƙusa a zaure tun hantsi har azahar, Baba yana ta jan carbi kamar ba kowa a wurin. Ya taso ya dawo Damagaram, ya kama ɗaki biyu a wani lungu a Birni, ya auri Kellu. Bai ƙara taka hanyar yamma ba.

A bazarar da ta gabaci 'yanci, lokacin da ko'ina ka zauna zancen tafiyar Nasara ake yi, tarin ya kwantar da shi. Lokotoron asibiti ya duba shi ya ce a mai da shi gida. Wata Talata da rana Kellu ta zo har ƙofar buro, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Nomau, yayanka yana kira. Yau ko kunu bai wuce ba."

Na same shi a kan tabarma, an jingina shi da bango, ya zube sai idanu. Da ya gan ni ya ɗaga hannu ya sara mini irin ta soja, don shi ko a bakin kabari sai ya yi shaƙiyanci.

"Mai Jaka," ya ce, "aike gare ni. Ba ni da na ba ka goro."

"Faɗi, Yaya."

"Ka je wajen tsoho. Ka ce ban ce ya zo ba, ban ce ya karya rantsuwarsa ba. Bakinsa ya rantse da shi, bai rantse da hannunsa ba. Ya rubuto. Ko ya yafe, ko bai yafe ba, ya rubuto in gani da idona. Ba na so in tafi ban san inda na tsaya ba."

Na ce zan gaya masa. Ya kama tari, da ya lafa ya ƙara da cewa, "Kada ka yi nawa. Ni ma farmisiyo kaɗan aka ba ni, hutun soja ba ya daɗewa."

Na ci sa'a akwai takardun buro da za a kai Takeita, Kyari ne da zuwa, na roƙe shi muka yi musaya. Komi ya ce kwana biyu, ranar Alhamis da yamma in kasance a gabansa ko in ajiye keken gwamnati. Laraba da sassafe na kama hanya, na ajiye takardu a Takeita, na karɓi amsa na sa a jaka, na isa ƙauyenmu rana tana shirin faɗuwa.

Na gaishe da Baba, na ci tuwo, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa kalma-kalma yadda aka ba ni. Ya tambaye ni ko an fara sharar gona a wajen Tirmini. Na ce an fara. Ya tashi ya shiga ciki.

Da asuba bayan salla na ɗaure kayana na tsaya a bakin zaure, don mai keke a bazara ba shi da dukiyar da ta wuce sanyin safiya. Baba yana zaune a kan buzunsa yana wuridi. Rana ta fito yana wuridi. Hantsi ya yi, awaki suka fita, inuwar katanga ta fara janyewa, ni ina tsaye ina kallon safiyata tana ƙarewa, ba halin in ce masa ya yi sauri. Sai da rana ta ɗaga sosai sannan ya jawo gafakarsa, ya zaro farar takarda ɗaya, ya jawo kurtun tawada. Tawadar allo ce, ta baƙin tukunya da ƙaro, irin wadda ake rubutun sha da ita, wadda aka yi ta musamman don ruwa ya wanke ta. Ita ce a gabansa, da ita ya rubuta.

Ya juya mini baya yana rubutun. Ba sai ya yi haka ba, ya san ko a goshina ya manna ta ba zan karanta ba. Na dai ga kafaɗarsa tana motsi, ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa ya daɗe. Ya barbaɗa rairayi, ya kaɗe, ya ninke ta huɗu, ya ɗaure da zare. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Na karɓa da hannu biyu, na nufi keke, na durƙusa na kwance maɗaurin jaka.

"Me kake yi?"

"Zan adana ta, Baba."

"A ina?"

Na nuna masa. Ya taso da sandarsa ya zo ya tsaya a kan keken, ya dubi sirdi, ya dubi jakar da ke rataye a ƙarƙashinsa, ya dube ni.

"A nan kake zama?"

"A sama nake zama, Baba. Ita jakar a ƙasa take, ba ta..."

"Sunan Allah ne a farkon takardar nan. Za ka sa shi ƙarƙashin mazaunanka, cikin takardun haraji da man keke, ka hau kansa tun daga nan har Damagaram? Haka na rene ka?"

Na ce zafi ake yi, zan yi zufa, tawadar ba ta son ruwa. Na ce jakar ninki biyu ce. Na ce ma zan iya ciro takardun buro in bar ta ita kaɗai. Ya ce in cire jakar in rataya a wuyana. Na ja ta, na san ba za ta ciru ba, ai ni na biya aka ɗinke ta. In na sa wuƙa kuma sirdin gwamnati zan ɓata. Baba ya sa yatsa ya taɓa aljihun rigata ta kaki, na hagu, wanda ke kan ƙirji.

"Nan. Ba za ta sauka ƙasa da nan ba har ka miƙa ta. Ka ce wallahi."

Mu gidanmu rantsuwa ce abincinmu. Na ce wallahi.

Duk wanda bai taɓa tuƙa keke daga Garagumsa zuwa Damagaram da tsakar ranar bazara ba, kada ya ba ni shawara. Iska kanta zafi take hurowa. Hanyar jar ƙasa ce mai ƙunya-ƙunya da ke kaɗa haƙoran mutum, inda ba ƙunya kuma rairayi ne da ke riƙe taya. Kafin in wuce Takeita bayan rigata ya manne da fatata. Ina tuƙi ina taɓa aljihu, ina tuƙi ina jan rigar gaba don ta rabu da ƙirjina, amma hannu ɗaya ba ya riƙe keke a rairayi.

Da na ga wani gawo mai inuwa na sauka. Na zaro takardar. Bayanta ya yi danshi, gefe ɗaya ya fara laushi, amma ban ga baƙi ya ɓullo ba. Ban kwance zaren ba, ba tawa ba ce.

Na durƙusa na buɗe jaka. Cikinta a bushe ƙamas, har da ɗan sanyin fata. Amsar Takeita tana kwance abinta ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ba kowa a wurin sai awaki uku da ke tsintar 'ya'yan gawo. Wa zai sani? Na riƙe takardar a bakin jakar, wallahi har gefenta ya shiga. Na gaya wa kaina Allah ya san nufina. Na gaya wa kaina rantsuwa tana da kaffara, ni da nake zagin tsoho a zuci kan ya ƙi yi. Sai wani tunani ya zo mini: in gafara ce a ciki fa? Gafarar da aka yi shekara goma sha shida ana jira, in kai ta bayan na karya alkawarin wanda ya ba da ita, na zauna a kanta rabin yini? In ta lalace a hanyar da ido ba ya gani fa, Inusa ya tafi da ita a lalace? Ni ba malami ba ne, ba ni da wanda zan tambaya sai awaki.

Hulata ta fi rigar jiƙewa. Ƙyallen da ke cikin jaka na goge sarƙa ne, baƙi ƙirin. Na tsinko ganyen tumfafiya manya guda biyu, na jira ruwansu ya tsane, na naɗe takardar a ciki, na mayar aljihun ƙirji. Na rufe jakata a kan takardar Nasara, na hau.

Da abin ya tsaya nan da wataƙila na tsira. Gab da Tirmini wata kamiyo, babbar motar kaya, ta taho ta kore ni gefen hanya, na faɗa cikin tsidau, tayar baya ta sace. Na yi faci a rana tsaye don babu ko kara mai inuwa. Na sunkuya na kwance, na sunkuya na liƙa, na buga famfo har idona ya yi duhu. Ban yi nisa ba ta sake sacewa, ashe ƙaya biyu ce. Danƙona ya ƙare a faci na biyu, shi ma bai riƙe ba, sai turawa. Na tura keken nan cikin rairayi, zufa tana bin haɓata tana sauka cikin wuyan riga. Tun ina taɓa aljihun har na daina, don na ji abin da ke ciki ya daina ƙara irin ta takarda. Tsoro ya hana ni dubawa. Na ce in ban duba ba wataƙila tana nan.

Wani mai gyara a bakin kasuwar Tirmini ya liƙe mini tayar. Yana aiki yana kallon ƙirjina, har ya ce, "Malam falanto, alƙalaminka ya fashe." Ba ni da alƙalami. Na sunkuyar da kai na ga wani baƙin tabo kamar tafin hannu ya fito ta gaban aljihun.

Rana ta yi ja lokacin da na hango duwatsun Damagaram. Ban bi ta buro ba, na shige Birni kai tsaye, na jingina keke a bakin lungu. Kellu tana tsakar gida tana fifita wuta. Ta dube ni, ta dubi hannuna.

"Ya bayar?"

"Ya bayar."

Ta ajiye maficin ta rufe baki da gefen zanenta. Ta riga ni shiga ɗaki tana cewa, "Ya bayar, ka ji, ya bayar."

Inusa ya sa ta gyara masa zama. Ya ce a buɗe taga. Ya goge hannayensa a jikin bargo, ya miƙo su duka biyu. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin nan ba. Na sa yatsu a aljihu na zaro abin. Ganyen ya dahu ya yi laushi kamar an tsamo shi daga miya. Na ɓare shi. Takardar ta zama curi, zaren ya nutse a cikinta.

Ya sa farce ya tsinke zaren, ya buɗe ninkin farko a hankali, ya buɗe na biyu, wani gefen ya biyo yatsansa. Ya shimfiɗa ta a cinyarsa. Baƙi ne kawai, ya bazu ya shiga juna, inda ya yi kauri da inda ya yi ruwan toka. Can sama, wajen da ninki ya kare, rabin layi ɗaya ya tsira.

"Bisimilla ce," ya ce. "Hannunsa ne. Har yanzu yana jan wutsiyar baƙi kamar da."

Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya ɗaga ta wajen hasken taga. Ya bi da yatsa yana ƙirga inda layuka suka bar alama.

"Bakwai."

Kellu ta ce, "To ai alheri ne. Wanda zai ce bai yafe ba, layi ɗaya ya ishe shi."

"Ba ki san tsoho ba," in ji shi. "Yana iya kawo aya uku kafin ya ce a'a."

Sai ya dube ni. "Kai da jakarka, Mai Jaka? Kai da ka ishi duniya da jakarka?"

Na gaya masa yadda aka yi, da sirdi, da sunan Allah, da wallahin da aka sa na faɗa. Na zaci zai zage ni, na ma fi son ya zage ni. Dariya ya kama yi, dariyar ta juye tari, Kellu ta riƙe shi har ya lafa.

"Yaya," na ce, "ya yafe. Na ga fuskarsa."

"Ka ga fuskarsa?"

Bai jira amsata ba.

"Baya ya juya maka. Na san shi. Kada ka yi mini ƙarya, Nomau, ba ka iya ba."

Na ce zan koma. Gobe da asuba zan koma, komi ya karɓi kekensa in ya ga dama, zan ari na Kyari, zan tafi da kwalba in sa ta a ciki. Ya girgiza kai. Ya ce zuwa yini, dawowa yini, kuma tsoho ba ya rubuta abu sau biyu. Ya ce shi ya san abin da yake ji a ƙirjinsa, ba shi da yini biyu na jira.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, "Kellu, kawo ƙoƙo da ruwa. Kai kuma tuɓe rigar."

Na tuɓe. A ƙirjina, daidai inda aljihun yake, fatata ta yi baƙi. Ya ga wannan ma. Ya sa takardar a ƙoƙon, ya murza ta da yatsu har ta narke. Ya sa Kellu ta juya aljihun ta tsoma shi ta matse, ta sake tsomawa ta matse. Ruwan ya yi baƙi, da gishirin zufata da ɗacin tumfafiya da komai.

Kellu ta riƙe hannunsa. "In ba alheri ba ne fa?"

"To nawa ne ai. Ni aka rubuto wa."

Mutumin da kunu ba ya wuce masa, ya yi bisimilla ya shanye ƙoƙon nan kurɓi-kurɓi, yana hutawa, har ya ga ƙasansa. Ya lashe leɓe ya ce da ɗan gishiri. Ya ce a kwantar da shi.

Ranar Asabar da hantsi ya cika. Komi bai karɓe keken ba, ya dai yi mini faɗa ya yanke mini hutu. Kyari ya zo jana'iza, ya ga rigar da tabo, ya ji labarin. Shekara tara yana neman ranar da zai ci ni a musu, ranar da ya ga abin da aljihu ya yi kuma ba abin da zai ce. Bai ƙara kira na Mai Jaka ba, ni ma ban ƙara ce masa rijiya ba.

Bayan addu'ar uku na hau keke na tafi ƙauye. Labari ya riga ni, mutane sun zo sun yi wa Baba gaisuwa ya amsa da "mun gode" kawai, bai ambaci wanda ya rasu ba. Na same shi shi kaɗai a zaure da azahar. Na zauna. Da gangan na sa rigar, don tabon bai fita duka ba ko da sabulu.

"Takardar ta isa?" ya ce.

"Ta isa."

Ya jira. Na ga yana so ya yi tambaya ta gaba, rantsuwarsa ta tare masa baki. Ni kuma na bar shi ya jira, Allah ya yafe mini, na bar shi ya ɗanɗana. Carbin ya tsaya a hannunsa. Kaza ta shigo ta fita. Sai abin ya fashe mini.

"Ta isa amma ba a karanta ba, Baba. Zufa ta cinye ta. Ka ce ƙirji, na sa a ƙirji, ga shi nan ka gani. Bisimilla kaɗai ta rage. Ya juya ta, ya ɗaga ta a rana, bai samu kalma ɗaya ba. Ya tafi bai san abin da ka ce ba. Wanke ta ya yi a ƙoƙo ya sha."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya dubi aljihun. Ya miƙo hannu ya ɗora tafinsa a kan tabon.

"Inusa ya sha?" ya ce. "Duka ya sha?"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Na ce duka ya sha, sai abin da ya shiga fatata.

"Me ka rubuta, Baba?"

Ya janye hannunsa. "Ba kai aka rubuta wa ba."

Har ya rasu bayan shekara huɗu bai faɗa mini ba, na tambaya sau biyu na bari. Amma a ranar, da ya ɗauke hannunsa, ya dafa bango ya miƙe, ya ce in ɗauko ƙwarya in biyo shi. Ya yi maganar yaron, rantsuwa ta karye, dole a biya. Muka je bakin rumbu. Ya hana ni taɓawa, shi da kansa ya ɗebo geron, ya zauna a ƙasa da ɗan mudun Annabi da yake auna zakkar kono da shi, yana aunawa yana zubawa a ƙwaryar da nake riƙe, yana kiran sunayen miskinan ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a yi faci ɗaya ba. Da ya zuba na goma ya kaɗe mudun, na duba ƙwaryar, ko cika ba ta yi ba.